Kano zuwa Maiduguri: tafiyar awa guda da ke cinye wuni

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Maiduguri, da kuma lokacin da matafiyi yake ɓatarwa kafin ya tashi daga wannan ya sauka a wancan. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne. Na yi shekaru masu yawa ina koya wa yara yadda ake auna nisa a kan taswira da zare da rula, kuma a duk tsawon lokacin nan ban taɓa shakkar cewa wanda ya san nisa ya san tafiya ba, sai da wata tafiya ta ɗaurin aure ta kai ni Borno a cikin hunturu, na gane akwai darasin da ban koyar ba.

Bari in fara da abin da taswira ta ce. Kano da Maiduguri suna kusan kan layi ɗaya na kwance, wato wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka mai tashi daga Kano gabas sak zai fuskanta. Tazarar da ke tsakaninsu daga yamma zuwa gabas digiri 4 da rabi ce da 'yan kai, kuma a daidai inda muke kowane digiri yana ɗaukar kimanin kilomita 109. Idan aka yi lissafi, nisan ta sama bai cika kilomita 500 ba, saura kaɗan. Matuƙa jirgi ba sa ƙidaya da kilomita, suna amfani da mil irin na masu jirgin ruwa, wanda kowanne ya kai kilomita 1.852, don haka a wurinsu tafiyar kimanin mil 270 ce. Wanda bai yarda da taswira ba yana iya tambayar rana. Kowane digiri yana jawo bambancin minti 4 a fitowarta da faɗuwarta, shi ya sa a watan azumi mutanen Maiduguri suke riga na Kano shan ruwa da kimanin minti 18, kuma duk mai 'yan'uwa a can ya san irin tsokanar da ake yi ta waya a daidai wannan lokaci.

Lokacin da jirgi zai ci a wannan tazara ya danganta da irin jirgin. Mai injin jet, kamar Boeing 737 ko ƙaramin nan Embraer 145 mai kujera 50, yana gudun fiye da kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama, kuma da a ce da wannan gudun zai fara ya ƙare, da minti 36 ko 37 sun ishe shi. Amma ba haka ake tafiya ba. Sai ya bar wurin da ya ɗauki fasinja ya yi ta rarrafe zuwa bakin titi, ya jira izinin hasumiya, ya tashi yana hawa a hankali, kuma a ƙa'idar da aka saba bi ba ya wuce gudun kilomita 460 a awa matuƙar bai haura ƙafa 10,000 ba. A tafiya gajeriya irin wannan, bai daɗe da kaiwa ƙololuwa ba zai fara gangarowa, sannan ya kewayo ya fuskanci titin sauka ta ɓangaren da iska ta yarda. Idan aka haɗa duka, daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta, abin yana kaiwa minti 50 zuwa awa guda. Jirgi mai farfela, kamar ATR 72 wanda gudunsa ya ɗan haura kilomita 500 a awa, zai buƙaci kimanin awa guda da kwata. Ina so mai karatu ya riƙe wannan bambanci na kusan minti 20 tsakanin jiragen biyu, domin zan dawo kansa.

Wannan shi ne abin da ilimi ya ce. Ga abin da na gani da idona.

Ɗan yayarmu ne zai yi aure a Maiduguri ranar Asabar da safe, sai muka shirya tafiya ranar Juma'a. Yara suka ce ciwon bayan da nake fama da shi ba zai bar ni in zauna a mota wuni guda ba, suka haɗa kuɗi suka ce jirgi zan hau. Da suka duba, babu jirgin da zai tashi daga Kano kai tsaye zuwa Maiduguri a ranar, haka ma a ranakun da ke kusa da ita, sai dai a bi ta Abuja. Suka yanko mini tikiti biyu daga kamfanoni biyu daban, na farko zai tashi ƙarfe 7:30 na safe, na biyu kuma ƙarfe 12:30 na rana. Ƙanena da sauran 'yan rakiya suka ce su mota za su bi, kuma na tuna har tausayinsu na ji lokacin da muke sallama a ƙofar gida bayan sallar asuba, su suna ɗaure da rawani da hular sanyi za su tashar Unguwa Uku, ni kuwa da 'yar jakata da sandata zan tafi filin jirgi.

Ƙarfe 6:00 na bar gida. Gari ya waye da hazo mai kauri, irin wanda mutum yake kallon rana kai tsaye kamar farin faifai ba ta kashe masa ido ba. Muka zauna a ɗakin jira, aka ce jirgin da zai ɗauke mu bai iso ba, aka sake cewa ya kusa, daga nan aka yi shiru. Sai bayan ƙarfe 10:00 muka tashi, muka sauka Abuja wajen ƙarfe 11:00 da 'yan mintoci, na jira jakata, na sake bin layi aka sake auna ta, aka sake bincike na tun daga hula har takalmi kamar yanzu na fito daga gida. Ina ta sauri kada jirgi na biyu ya tafi ya bar ni, ashe shi ma babu labarinsa. Wajen ƙarfe 11:30 ƙanena ya kira ni daga Potiskum yana cewa sun tsaya cin abinci. Wajen ƙarfe 2:00 ya sake kira daga Damaturu, ya ce sun samu sallar Juma'a, sannan ya tambaye ni cikin ladabin nan na ƙanne mai ɗauke da dariya a ƙasa: “Yaya, har yanzu kana sama ne?” Na ce masa ina ƙasa, kuma ƙasar ma ta Abuja. A kusa da ni akwai wata baiwar Allah da mahaifinta tsoho a kan keken marasa lafiya, sun fito daga ganin likita za su koma gida, tana ta jiƙa masa leɓe da ruwan roba, tana duba agogon wayarta saboda lokacin shan maganinsa ya yi, maganin kuwa yana cikin jakar da aka riga aka karɓa.

Ƙarfe 5:00 saura kwata muka tashi. Da muka sauka Maiduguri an riga an yi sallar magariba, kuma wanda ya zo tarye na a filin jirgin shi ne ƙanen nan nawa da ya hau mota, ya yi wanka, ya sauya kaya, har ya gaisa da surukai. Kafin in shiga masauki ƙarfe 7:00 ta yi. Awa 13 ke nan daga ƙofa zuwa ƙofa, waɗanda a cikinsu awa 2 da 'yan mintoci kawai na yi a sama, su kuwa 'yan mota awa 9 da rabi suka yi. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa, amma ban taɓa ganin inda aka biya kuɗin saurin ninki-ba-ninki sannan aka karɓi nawar ba sai ranar.

Ko da a ce babu jinkiri ko na minti guda, hanyar kanta karkatacciya ce. Daga Kano zuwa Abuja ta sama kimanin kilomita 365 ne, kuma kudu ake nufa, har da ɗan karkata yamma, wato ana juya wa Maiduguri baya. Daga Abuja zuwa Maiduguri kuma kimanin kilomita 710 ne. Jimilla ta kusa kilomita 1,080, fiye da ninki biyu na hanyar kai tsaye. Mutumin da ya sauka Abuja bayan kusan awa guda a jirgi ya fi nisa da Maiduguri da sama da kilomita 200 a kan yadda yake kafin ya bar gidansa a Kano. Ya sayi tikiti biyu, ya biya harajin filin jirgi sau biyu, kuma idan kamfanonin daban ne, kamar yadda ya faru da ni, to, jinkirin na farko ba ya shafar na biyu, wanda zai iya tafiyarsa ya ce fasinja ne bai zo ba.

Wani zai ce to, ai ga mota nan, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ina ma a ce haka ne. Titin ya kusa kilomita 600, ya bi ta Wudil, Shuwarin, Azare, Potiskum, Damaturu da Benisheikh, kuma tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye, aikin da ya ɗauki shekaru fiye da yadda kowa ya zata. Inda aka gyara yana da daɗin bi, wannan gaskiya ne. Amma kilomita 130 da 'yan kai na ƙarshe, tsakanin Damaturu da Maiduguri, su ne suka sa kowane direba yake tuƙi yana duban rana, domin shekaru da dama ana rufe ƙofar shiga gari da yamma saboda matsalar tsaro. Ba mu manta da abin da ya faru a Auno a watan Fabrairun 2020 ba, lokacin da matafiyan da suka iske an rufe hanya suka kwana a motocinsu, 'yan Boko Haram suka auka musu cikin dare, aka rasa rayuka aƙalla 30, Allah Ya jiƙansu. Jirgin ƙasa ma ba mafita ba ne, domin layin dogon da ya isa Maiduguri a 1964 ta Bauchi da Gombe ya biyo, na Kano kuwa a Nguru ya tsaya. Don haka a wannan hanya ta musamman, jirgin sama ya wuce abin jin daɗi kawai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarihin hanyar. Jiragen sama na farko da suka shigo Nijeriya, guda uku na sojojin saman Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, daga Masar suka taso a 1925, suka ratso Sudan da Chadi, suka bi ta Maiduguri, suka sauka Kano a watan Nuwamba. Wato wannan tazara da a yau ake neman jirginta da fitila, a kanta aka fara tashi a sararin samaniyar ƙasar nan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, kuma Maiduguri tana cikin zangunansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yanzu sun bi ta Legas da Kano da Maiduguri da El Fasher da Khartoum zuwa Alƙahira. Kafin jirgi ma, wannan ita ce hanyar da alhazanmu suke bi a ƙafa da kan raƙuma zuwa gabas. Waɗanda suka kai shekaruna sun ga zamanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 ya durƙushe a 2003, lokacin da ƙananan jiragen Fokker suke sauka a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Yola da Maiduguri, sun kuma ga tashen Kabo Air na marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo a nan Kano. Ba na cewa komai na wancan zamani daidai yake, domin mun sha ganin an yanka tikiti fiye da kujeru, fasinjoji suna tsere zuwa bakin jirgi da manyan riguna. Amma dai garuruwan Arewa suna da hanyar zuwa junansu.

Adalci ya sa in faɗi uzurin kamfanonin, domin su ba sadaka suka fito yi ba. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa, kuma a gajeriyar tafiya wannan ɓangare mai tsada shi ne kaso mafi girma na dukan tafiyar. Ana lissafin gyaran wasu sassan jirgi, kamar ƙafafu da birki da injin, da yawan tashi da sauka, saboda haka jirgin da yake yin gajerun zanguna ya fi saurin zuwa wurin gyara. Kayan gyara da inshora da hayar jirgin duk da dala ake biya, fasinja kuwa da naira yake sayen tikiti, kuma daga cikin kuɗin tikitin akwai kashi 5 cikin 100 da ake cire wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, ban da sauran kuɗaɗen filin jirgi. Mai jirgi mai kujera 140 da ya tashi da mutum 40 ya yi asara tun kafin ya bar ƙasa. Abuja da Legas kuwa a nan ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da manyan kamfanoni suke, kullum akwai mai zuwa, don haka kowane kamfani ya ɗaure jiragensa a can, sauran garuruwa suka zama kamar yatsun hannu, kowanne a haɗe da tafi amma ba ya haɗe da ɗan'uwansa. Ita Maiduguri tana da ƙarin nata rauni, domin an dakatar da jiragen fasinja bayan harin da aka kai sansanin sojin sama a watan Disambar 2013, ba su dawo ba sai a 2015, kuma hanyar da aka daina bi ba ta saurin farfaɗowa.

Hazo ma ba laifin kowa ba ne. Ƙurar tana tasowa ne galibi daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, kuma Maiduguri da Kano suna cikin garuruwan da take fara rufewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a ba shi izinin sauka, kuma iyakar tana raguwa ne gwargwadon ingancin na'urorin da ke jagorantar jirgi zuwa titi da fitilun da ke gefensa. Matuƙin da ya ƙi tashi cikin hazo ya kyauta mini, ba zan taɓa yi masa ƙorafi ba. Sai dai hazon nan shi ma hujja ce a kan abin da nake faɗa. Mai tafiya kai tsaye yana buƙatar gari ya yi kyau a wuri biyu na tsawon awa guda, mai bi ta Abuja kuwa yana buƙatar ya yi kyau a wuri uku na tsawon wuni, ga kuma jirage biyu da kowannensu yake jawo jinkirin da ya kwaso daga wasu garuruwan tun safe.

A nan ne zan dawo kan minti 20 ɗin nan. Idan babban jirgi ba zai cika ba a wannan hanya, ƙarami zai cika. Jirgi mai farfela mai kujera 70 ko ƙasa da haka an ƙera shi ne musamman domin tazara irin wannan, yana shan mai ƙasa da na jet nesa ba kusa ba, kuma akwai kamfanonin da suke aiki da irinsa a Nijeriya yanzu haka. Na san mutanenmu suna raina shi. Na sha jin ana cewa tsohon yayi ne, ko ana cewa yana da ƙara, har wani abokina ya taɓa ce mini shi ba zai hau jirgi mai fanka ba. Alhali injinsa na zamani ne, kuma a Turai da Indiya da Habasha da Kenya da irinsa ake haɗa ƙananan garuruwa kullum. Wanda ya ƙi ƙarin minti 20 a sama saboda girman kai, ya je ya zauna awa 5 a kan kujerar ƙarfe a Abuja, lissafinsa yana buƙatar gyara.

Kuma ba sai kullum ba. Jirgi sau uku a mako, a ranaku sanannu da lokaci sananne, wanda zai ɗore shekara guda ba tare da an soke shi ba duk ranar da fasinja suka yi ƙaranci, ya fi jirgin kullum da zai yi wata biyu ya ɓace. Fasinja ba ya taruwa a hanyar da bai amince da ita ba. Ɗan kasuwar da ke sayen atamfa da shadda a Kantin Kwari ya kai Kasuwar Monday ta Maiduguri, da dillalin hatsi na Dawanau, da mai harkar kifi da shanu daga Borno, da malamin jami'a da ake gayyata duba jarrabawa tsakanin Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri, da majinyacin da aka tura daga wannan asibitin koyarwa zuwa wancan, duk suna iya tsara harkarsu a kan Litinin da Laraba da Juma'a idan sun tabbata jirgin zai tashi. Akwai kuma tafiyar da ba a tsara ta. Mu Musulmi ba ma ajiye gawa, wanda ya rasu da asuba kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma na san mutane da yawa a Kano da labarin rasuwar iyayensu ya iske su da sassafe amma sai ta'aziyya suka samu, alhali tsakaninsu da gawar awa guda ce.

Wa zai ɗauki asarar watannin farko kafin hanya ta kama? A ganina gwamnatocin jihohi ne, kuma ba sabon abu ba ne a duniya. Amurka tana da shirin tallafa wa jiragen ƙananan garuruwa tun 1978, Indiya kuma ta fito da nata mai suna UDAN a 2016, inda gwamnati take cike giɓin kuɗin kamfani, shi kuma ya sayar da wani kaso na kujerun a kan farashi mai iyaka. Gwamnonin Arewa maso Gabas sun sha yin maganar kafa kamfanin jiragen da zai haɗa jihohinsu, kuma ina yi musu fatan alheri, sai dai ina roƙon su sa Kano a cikin lissafin, domin kasuwar yankin nasu da Kano take ɗaure ko da taswirar siyasa ta sa ta a wani yanki. Ni dai na fi natsuwa da a yi yarjejeniya da kamfanin da ya riga ya san aikin, a lamunce masa wani adadi na kujeru na ƙayyadadden lokaci, a kan gwamnati ta sayi jirage da kanta, saboda mun ga ƙarshen kamfanonin gwamnati da yawa. Sharaɗin kawai shi ne a bayyana yarjejeniyar ga jama'a, a riƙa wallafa yawan fasinjan kowane wata, kada kujerun da aka biya da kuɗin talakawa su koma kyautar da ake raba wa 'yan siyasa da iyalansu. Filaye kuwa muna da su har sun yi yawa. A kan wannan hanya kaɗai akwai na Dutse da na Damaturu, ga na Bauchi da na Gombe a gefe, kuma kuɗin da aka kashe wajen gina kowane ɗaya daga cikinsu zai iya riƙe ƙaramin jirgi yana zirga-zirga shekaru.

Na san za a ce talaka ba ya hawa jirgi, don me za a kashe kuɗinsa a kai? Tambaya ce mai nauyi, kuma idan aka ce in zaɓa tsakanin kammala titi da tabbatar da tsaronsa da kuma tallafin jirgi, titi zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Amma tsohon nan da na gani a kan keke ba attajiri ba ne, daga ganin takalmin 'yarsa za ka san dangi ne suka yi karo-karo, kamar yadda nawa yaran suka yi. Irin waɗannan su ne suka fi cutuwa da tikiti biyu, domin mai hali ko jirgin ya makara yana da gida ko otal a Abuja, kuma ba daga aljihunsa kuɗin yake fita ba sau da yawa. Ƙwararren likitan da zai yarda ya je Maiduguri ya yi aiki ya dawo a rana ɗaya, talaka zai duba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da fasinja ya kamata ya sani, wanda ni ma ban sani ba sai bayan na dawo. Dokokin NCAA sun tanadi cewa a tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa 2 kamfani zai ba fasinja abin taɓawa, idan ya wuce awa 3 fasinja yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma abin ya kai cikin dare a ba shi masauki. A ranar tawa ko ruwa ba a ba mu ba, mu ma ba wanda ya tambaya, sai “Allah Ya kawo shi lafiya” muke ta yi. Ina kuma ba mai niyyar bin Abuja shawarar ya yi ƙoƙari ya yanki tikitin duka zangon biyu a kamfani ɗaya, ya bar tazarar da ba ta gaza awa 3 ba a tsakaninsu, musamman a hunturu, kuma kada ya sa magani a jakar da za a karɓa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka tura wakilanku biyu su tashi daga ofishinku na Kano a safiya ɗaya, ɗaya ta mota ɗaya ta jirgi, kowanne ya rubuta lokacin da ya bar ƙofa da lokacin da ya isa shataletalen gidan waya a Maiduguri da abin da ya kashe, sannan a maimaita haka tsakanin Sakkwato da Yola, da tsakanin Katsina da Gombe. A buga sakamakon a shafin farko, a kai wa kwamishinonin sufuri na jihohin da abin ya shafa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, a tambaye su ranar da za su zauna da kamfanonin jirage. Idan wakilin naku na mota yana buƙatar abokin tafiya, ƙanena ya ce a shirye yake, ya kuma san inda ake sayar da nama mai kyau a Potiskum.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Kano.